Itacen da Ba Ya Jira

"Sauko! Sauko, ɗan iska!"

Direban ya yi nawa. Kuriakose, ogan 'yan fashin, ya ɗana bindiga — tau! Da rana tsaka, a kwanar dutsen da ke bayan garin Pala. Yaronsa Shaji ya jawo gawar ƙasa, ya haye, suka karkata motar gumaguman itacen roba zuwa wani tsohon rumbun ajiya cikin daji.

Na ukunsu maƙwabcina ne, tsoho Thankappan. Shekara talatin yana tsaga bishiyoyin roban nan yana tatsar ƙaro. Da suka ƙafe, mai gona ya sayar wa masu katako, ya sallame shi.

"Sati uku ba mai leƙa waje," in ji Kuriakose. "Wanda ya fita, ni zan aika shi lahira."

Thankappan ya ce, "Oga, itacen roba ne fa. In ya kwana uku ba a jiƙa shi a magani ba, sai ya yi shuɗi, ƙwari su shige. Ko kujera ba zai yi ba."

"Baba, ci rogonka ka rufe mana baki!"

A caji ofis, Sufeto Sainaba, wadda ubanta ya tsufa a injin katako, ta ce wa yaranta, "Ku bar hanya. Ku je ku tsare shagunan maganin katako."

"Ranki ya daɗe, ɓarawo da sayen magani?"

"In akwai mai tatsa a cikinsu, zai zo."

Rana ta uku, Thankappan ya ga ɗigon shuɗi a bakin wani gungume. Ya shafa shi. Ya sulale.

A shagon magani, yana ɗaga buhu na biyu 'yan sanda suka dafa shi.

"Baba, ina sauran?" in ji Sufeto Sainaba.

"Zan kai ku, 'yata. Amma a sa buhunan nan a mota."

Tau! Tau! Harbin 'yan sanda ya kayar da Shaji a ƙofar rumbu. Kuriakose, da ankwa a hannu, yana ihu: "Tsohon banza! Saboda icce ka sayar da mu?"

Rai biyu suka tafi. Marayun direba huɗu. Gumaguman kuwa kotu ta riƙe a matsayin shaida, damina biyu suna jibge a harabar caji ofis, har naman kaza ya tsiro a kansu.

Na ziyarci Thankappan a kurkuku. Ya kama ƙarfen taga.

"Ƙanena, an dai jiƙa itacen?"

Na dube shi, na ce an jiƙa. Har yau ban san ko tausayi na yi masa ba, ko kuwa hukuncin da ya cancanta na sace masa da ƙaryar nan.