Ruwan Bahon Gidan Kuwabara

Duk wanda ya ce maka zafi yana mutuwa, ƙarya yake. Ni Tokuji na tsufa ina gyaran lagireto a gindin duwatsun Gunma na ƙasar Japan, kuma abin da sana'ar ta koya mini ke nan: zafi sai dai ka kore shi daga wani wuri ya koma wani. Shigeo Kuwabara ya san haka sarai, tunda bakanike ne, bango ɗaya ya raba garejinsa da nawa. Kwaɗayi ne ya sa ya yi kamar ya manta.

Aikinsa shi ne cire ƙaramin inji daga tsohuwar mota ya dasa ƙato, don samarin da ke tsere a hanyar dutse. Hannunsa na da kyau, amma motocinsa tafasa suke yi kafin su kai sama, har samari suka fara gudunsa. Na ce masa ya sa lagireto mai girma, ya bi aikin a hankali.

"Yaya Toku," in ji shi, "bi-a-hankalin nan naka me ya saya maka? Har yau keke kake hawa."

Maganar ta yi mini ciwo, na koma garejina.

Abin da ya biyo baya daga bakinsa na ji, bayan aikin gama ya gama. Ya hau dutse, ya wuce ɗakin ibadar da ake kai sababbin motoci a sa musu albarka, ya bi wata siririyar hanya har wani ɗakin da aka daɗe da yashewa. Jan fentin ƙofar ya ɓare, igiyar ciyawar da ke rataye a kai ta yi baƙi. Gumakan yanyawa biyu na dutse suna tsaye ba kawuna. A tsakiya akwai kwarmin dutse cike da ruwa yana tururi, alhali ƙanƙara ta rufe ko'ina kuma babu wuta a ƙarƙashinsa. Wani tsoho mai suna Genshu yana zaune a gefe, riƙe da guntun gora da aka toshe bakinsa da takarda. Wani abu yana ƙartar gorar daga ciki.

"Kana son ƙarfe ya daina jin zafi," in ji tsohon, tun kafin a gaisa.

"Nawa zan biya, Baba?"

"Ajiye kuɗinka. Mutum nawa ke shiga baho a gidanka?"

"Uwata, matata, da 'yata. Ni a gidan wanka na unguwa nake yi, saboda baƙin mai."

Tsohon ya yi murmushi. "Madalla. In duk sun fito, kada a zubar. Ka ɗebi ruwan, kowace mota ka zuba mata ludayi ɗaya a lagireto."

"Shi ke nan?"

"Ka ga ya yi maka arha ne?"

"To, zafin ina zai tafi?"

"Ka zo neman arziki ne, ko ka zo koyon karatu?"

Shigeo ya yi shiru. Wallahi wannan shirun har yau ban yafe masa ba. Tsohon ya tsoma gorar a kwarmin, ƙartar ta tsaya, ya miƙa masa ya ce ya binne ta ƙarƙashin bahon gidansa.

Kamar kowane gida a ƙasarmu, nasu ma ruwa ɗaya ake tarawa, kowa ya cuɗa jikinsa a waje sannan ya shiga ya jiƙa, ɗaya bayan ɗaya. Ruwan da mutum uku suka shiga kuwa ya san jikinsu.

Tabɗi! Kafin shekara ta zagayo, sunan Kuwabara ya cika ƙasa. Motarsa ta yini tana ihu a kan dutse, ka ɗora hannu a kan injin ka ji shi ɗumi-ɗumi kamar kofin shayi. Ya rushe garejin ya gina na gilashi. Dillalai suna layi, wasu motocin har jirgin ruwa ake sa su zuwa ƙasashen waje.

Tsohuwarsa ce ta fara tafiya. Ranar wata Lahadi da ake gasar tsere, zazzaɓi ya rufe ta da hantsi, kafin la'asar ta cika, likita ya ce tsufa ne. Sai matarsa Michiyo ta fara kukan jikinta na ci da wuta. Wata rana aka same ta kwance cikin ƙanƙara a bayan gida tana dariya, tana cusa ta a baki. Asibitin masu taɓin hankali aka kai ta, daga can ba ta dawo ba. Saura Fumika, 'yar makarantar sakandare, yarinyar da kullum take kawo mini dafaffen dankali tana tsokanata wai kekena ya girmi ubanta.

Ana cikin haka sai masu motoci suka fara dawowa da ƙorafi iri ɗaya: allurar zafi tana haurawa ja, amma injin lafiya lau. Shigeo ya aiko a kira ni, shi da ya daina gaishe ni.

Na je. Na ce in an dasa inji, sau da yawa ma'aunin sabon injin ba ya jituwa da agogon tsohuwar mota. Muka canza, allura ta hau. Na ce iska ce ta maƙale a tiyo. Muka ɗaga gaban motar, muka buɗe murfin lagireto, muka bar ta tana aiki har kumfa ya ƙare, allura ta hau. Na duba fanka, na duba famfon ruwa, na cire bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanya na jefa a tafasasshen ruwa, ya buɗe tsaf. Na kama tiyon sama da hannu, sanyi ƙalau.

"Shigeo, ruwa ba ya tsami banza. Motar nan ba ta da zafi. To zafin wa allurar nan take aunawa?"

Sai waya ta yi ƙara a ofis: Fumika ta faɗi a aji, jikinta rau. Ya ruga ya kashe motar. Can aka sake bugowa, wai ta ɗan farfaɗo. Nan ya durƙushe a kan siminti ya faɗa mini komai.

"Mu zubar da ruwan, Yaya! Mu zubar!"

Muka zubar, muka wanke, muka sake wankewa. Amma duk bakanike ya san ruwan inji ba ya fita duka, kullum sai wani ya laɓe a lungun ƙarfe. Muka tayar, allura ta hau. Ya tone ƙarƙashin baho, gorar a buɗe, ba komai ciki. Ya koma dutse, tsohon yana nan zaune.

"Baba, ka mayar da shi kaina!"

"Kai ba ka shiga ruwan ba," in ji Genshu. "Je ka kira ruwanka ya dawo, in yana jin kira."

Ya sayar da garejin, ya sayar da gidan, yana bin motocin ɗaya-ɗaya yana saye yana kai wa masu niƙa ƙarfe. Wasu suka ƙi sayarwa, suna masa dariya. Waɗanda suka haye teku kuwa, wa ya san inda suke? Wani can a wata ƙasa zai murza makulli ya tafi kasuwa, yarinya a nan ta sandare a kan gado. Na zauna kusa da ita ina sa mata tsumma mai sanyi a goshi, yana bushewa a hannuna. Ni da na ƙare rayuwata ina sanyaya ƙarfe, na kasa yi wa yarinya komai.

Ranar ƙarshe ta buɗe ido ta dubi ubanta ta ce, "Baba, ka ce musu su tsaya haka nan. Na gaji."

Ba wanda zai gaya wa. Da azahar ta rasu.

Shigeo yana nan da rai. In ka bi hanyar dutse za ka gan shi a bakin titi, ba takalmi, yana tare kowace mota yana roƙon direba ya kashe inji, wai 'yarsa na barci.

Kai mai neman arzikin dare ɗaya, ka ji da kyau. In aka ce maka ajiye kuɗinka, tashi ka gudu, don an riga an zaɓi wanda zai biya a cikin gidanka, kuma ba za a tambaye shi ba.