Bakin Bindigar da Tsuneo Ya Huda

Rana ta kusa faɗuwa a garin Takasaki, Fusae tana ɗauraye shinkafa, lokacin da dutsen farko ya faɗo a kan rufin gidansu. Ta tsaya da ruwa a hannu. Na biyu ya biyo, sai na uku. Ta leƙa titi, babu kowa.

Mijinta Tsuneo bai ɗago kai ba. Yana zaune a tabarma, ya jera ƙananan bindigoginsa na kwaikwayo a kan farin ƙyalle. Shekara talatin yana tara su, duka na ƙarfe, an shafe su da rawayan fenti an toshe bakinsu kamar yadda doka ta ce. A makon nan ya samo wata tsohuwa daga kayan wani mamaci, irin wata da yake da ita sak. Don ya gane wadda ta girmi wata, sai ya huda toshiyar ta mamacin ya leƙa ciki.

Kwana uku ana jifa duk faɗuwar rana. A na huɗu 'yarsu Sumie, mai shekara sha tara, ta ajiye kwanon miya, ta yi magana da muryar tsoho. Ta ce wane marar kunya ne ya ɓalle mata ƙofa.

Fusae ce ta hau dutse ta ɗauko Malam Genkai, wanda ake kira idan irin wannan ta faru. Ya kunna turare, ya daɗe yana karatu, har yarinyar ta fara mimmiƙewa tana gurnani. Ya tambayi mai maganar abin da yake so. Aljanin ya ce shekara hamsin yana zaune cikin duhun bindigar nan bai taɓa kowa ba. A narka darma a mayar da toshiyar, a binne bindigar a bakin kogi, shi kuwa ya saki yarinya.

Fusae ta miƙe za ta hura wuta. Tsuneo ya riƙe mata hannu. Ya ce darma za ta lalata cikin, kuma irin wannan zubi na farko bai fi a ƙirga da yatsu ba. Ya tura ɗaya bindigar gaba, wadda ba ta kai waccan shekaru ba, ya ce a binne ta a madadinta, ai kamarsu ɗaya.

"Baban Sumie," in ji Fusae a hankali, "dubi bakinta, jini ne."

Aljanin ya yi dariya da bakin yarinyar. Ya ce in kamarsu ɗaya, maigida ya faɗi bambancin. Tsuneo kuwa ya faɗa. Ya yi bayanin nauyi, da layin zubi, da rubutun gefe, muryarsa har tana daɗi, 'yarsa tana kwance tana kallonsa.

"Na karɓi ƙaramar," in ji aljanin. "Amma gidan da ka ba ni bai kai nawa ba, don haka 'yar da zan mayar maka ba za ta kai taka ba."

Malam Genkai ya yi roƙo, ya yi barazana. Duk a banza. Sumie ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki.

Fusae ta rungume ta. Yarinyar ta buɗe baki za ta kira uwarta, ta sake buɗewa, ta kama maƙogwaronta da hannu biyu. Ko sauti bai fito ba.

A bayansu Fusae ta ji mijinta yana tambayar malamin, cikin ladabi, ko hayaƙin turare yana ɓata ƙarfe.