Ƙullin da Aka Tono a Gindin Yasmin

Ina durƙushe ina cire ciyawa a gindin lallen da ke bakin rijiyarmu, sai Hajiya Zulai ta faɗo gidanmu ko sallama babu. Ita ce mahaifiyar Abdurra'uf, wanda aka sa mana rana bayan damina. Buhu ne a hannunta, ta zazzage shi a tsakar gida gaban Innata.

Shuke-shukena ne.

Yasmin da wardi, an tumɓuke su da saiwa, ganyen har ya fara yaushi. A cikinsu ga wasu ƙulle-ƙulle na tsumman atamfa, duk ƙasa ta ɓata su.

Ta kwance guda ɗaya da hannun hagu. Ɓawon ƙwai, ƙashin kifi da toka suka zubo.

"Ki faɗa wa Malam aikinsa bai ci ba," ta ce da Inna. "Allah Ya tona asirinku."

Na ce, "Hajiya, taki ne... Abdurra'uf ya sani."

Ta dube ni sama da ƙasa.

"Na tambaye shi gaban yayyensa. Ya ce bai san da shi ba."

A bayanta, can bakin zaure, na hango Suwaiba 'yar ƙanwarta tana gyara mayafi. Ƙawata ce tun muna Islamiyya. Ta ƙi yarda mu haɗa ido.

Ta dalilin fure muka san juna da Abdurra'uf. Ɗan garin Taba ne, gidansu manoman rake, shi kaɗai ya kauce ya kama rainon furen kallo yana kaiwa Zariya. Wata ranar kasuwar garinmu Hunkuyi na tsaya ina taya wani ɗan wardi a leda, ya tambaye ni a ina zan dasa. Da na ce a rana tsaka, ya ƙi sayar mini sai da na yi alkawarin nema masa inda yake samun inuwar la'asar. Bayan mako ya zo wai duba lafiyar shukar, ya gaida Baba a zaure. Daga nan bai daina zuwa ba.

Shi ya koya mini yanke reshe a karkace, da kafa shi a yashi har ya yi saiwa. Shi ya hana ni ban-ruwa da tsakar rana. In na datse yasmin da yawa sai ya dafe kai ya ce, "Ramlata, kin yi masa askin jarirai." Da ya fara gini a Taba, muka yi shawara in raini furannin gidan a tsofaffin bokitai, in an gama ya kwashe.

Ƙullin ma shi ya koya mini. Ya ce in daka ɓawon ƙwai da ƙashin kifi, in haɗa da toka, in ɗaure a tsumma don kada kaji su tone. Ranar da nake ɗaurawa Suwaiba na zaune kusa da ni, ta tambaya na gaya mata, har tana dariya tana cewa soyayya ta mai da ni manomiya. Da hannunsa ya karɓa, da hannunsa ya binne a gindin kowace shuka ranar da ya dasa su a sabon gidan.

Hajiya dama ba ta taɓa son sana'arsa ba. Takan ce ɗa namiji ba ya noman abin da ba a ci, kuma tunda ya haɗu da 'yar malamai ya ƙara lalacewa. Abin da Suwaiba ta yi kawai shi ne ta raɗa mata inda za ta tona.

Kafin Juma'a magana ta gama gari. Ba ni aka fi zagi ba, Baba ne. Malam Inuwa, wanda bai taɓa rubuta wa kowa laya ba, ya tsufa yana karantar da Alƙur'ani a zauren nan. Mutanen Taba suka zo suka kwashe 'ya'yansu, wasu a Hunkuyi ma suka bi sahu. A masallacin unguwa, in ya wuce gaba sai wasu su ja baya su jira jam'i na biyu. Ya sa aka mayar da kayan sa-rana, ya ci gaba da zama a zaure da 'yan ɗaliban da suka rage.

Abdurra'uf ya kira ni a waya. Ya ce in yi haƙuri, Hajiya ta rantse za ta tsine masa, kuma da ya ce shi ya binne, cewa za ta yi asirin ne yake magana a bakinsa. Jira yake ta huce.

"Ka zo ka faɗa a masallacinmu," na ce. "Kalma ɗaya, Abdul... don Baba."

"Zan zo, masoyiyata. Ki ba ni lokaci."

Na ba shi. Damina ta zo ta wuce. Na mayar da shukokin cikin ƙasa, na yi musu rumfar kara, amma saiwar ta sha rana da yawa, ɗaya bayan ɗaya suka bushe. Baba ya rame, ya daina fita ɗaurin aure da suna, don ba a cika aiko masa da goro ba.

Sai da aka matsa wa Abdurra'uf ya auri Suwaiba sannan bakinsa ya buɗe. Ya tara danginsa ya faɗi gaskiya, ya ɗauko irin ƙullin daga gonar furensa ya kwance musu. Hajiya ta aiko da ban haƙuri ta bakin wani ƙaninta. Baba ya ce ya yafe tun ranar, maganar aure kuwa tana hannuna.

Da la'asar Abdurra'uf ya zo. Na same shi a ƙofar gida, ya faɗa, idanunsa sun yi ja. Zuciyata ta buga kamar da, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ya yi ta magana, ya ce bai yi barcin kirki ba tun ranar, ya ce gidan na nan babu wadda za ta shige shi sai ni.

Na bari ya gama.

"Da aka taɓa Baba ka iya yin shiru," na ce. "Sai da aka taɓa ka ka yi magana."

"Ramla, tsoro ne..."

"Na sani. Ina sonka har yanzu, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma ba zan iya zama da kai ina kallon bakin nan ba."

Na koma zaure na jingina da bango, na toshe bakina da mayafi don kada ya ji kukana.

Ina nan tsaye aka kira magariba. Baba ya fito da alwalarsa, ya ratsa ta gabana, ya tarar da shi inda na bar shi. Ina jin su. Baba ya yi masa sallama, ya tambaye shi hanya, ya tambayi aiki, ya tambayi mutanen Taba.

"Ya jikin Hajiya? Na ji an ce ƙafa na damunta."

Abdurra'uf ya durƙusa, ya sunkuyar da kai. Baba ya ɗan jira, sannan ya ce Allah Ya ƙara sauƙi, ya wuce masallaci.