Kujerar da ke Hawa na Biyu

Ranar Litinin da hantsi Mawuli Adjavon ya ga an juya katin sunan da ke jikin akwatin wasiƙarsu. Daga ofishin baƙi yake, inda wata mata ta shaida masa ta bayan gilashi cewa an rufe fayil ɗinsa na neman takardar zama ta dindindin. Sau uku suka aika masa da wasiƙa ya zo a yi masa tambayoyi, sau uku tana dawo musu da hatimin gidan waya cewa babu mai wannan suna a gidan. Yanzu zargi suke aurensa na takarda ne kawai, ba ya ma zaune da matar.

Duk wanda ya daɗe a garin Wuppertal na Jamus ya san mai raba wasiƙa ba ruwansa da fuskarka. Ko kullum kuna gaisawa, in sunanka ba ya jikin akwati, to ba ka nan.

Mawuli mutumin Togo ne, shekara biyar da aurensa da Halina Wrona, 'yar Poland, shekara tara rabonsa da gida. Izinin zamansa na wucin gadi ya ƙare, in ya fita ƙasar ba shi da hanyar dawowa. Can garinsu Kpalimé kuwa mahaifiyarsa na kwance, ta kai ba ta cin komai sai kunu.

Sufeto Birte Lammers, 'yar sandan unguwa, ta iso awa biyu bayan ya kai ƙara. Mace ce mai jiki, ba ta son dogon bayani, ba ta kuma shiri da matakala. Ta sa Mawuli ya buɗe akwatin. Katin yana bayan ɗan gilashi ne, ba a zare shi sai ta ciki, wato sai da makulli. Gefe ɗaya an rubuta Wrona da Adjavon da hannun Mawuli. Ɗaya gefen, wanda ke kallon waje yanzu, sunan Halina ne ita kaɗai, tawadar ta koɗe, tun kafin aurensu.

"Makulli nawa ne?"

"Biyu. Nawa da nata. Nata na rataye a kicin."

"Wannan ne karo na farko?"

"Na uku. A Fabrairu da Afrilu na gyara, na ɗauka ni na juya shi wajen goge akwatin. Kin san da gajiya nake dawowa, in na ga rubutu a wurin ba na tsayawa karantawa."

"Matarka fa?"

Ya ce shekara biyu ke nan Halina ba ta sauko da ƙafarta ba. Ciwon jijiya ya cinye mata ƙafafu, su kuma a hawa na huɗu suke, matakala sittin da biyu. Ranar asibiti goya ta yake yi.

Sufeto ta fara da mai raba wasiƙa. Matar ta ce ita abin da ta gani a akwati take bi, wasiƙun Madam Wrona ba su taɓa komawa ba, na maigidan ne kawai. Mai kula da gidan ya nuna zoben makullansa, babu na akwatin kowa. Saura Tadeusz, yayan Halina, mai kawo musu cefane duk Alhamis, wanda har yau bai taɓa zama teburi ɗaya da surukinsa ba. Tadeusz ɗin ne Mawuli ya fi zargi, kuma ba za a ga laifinsa ba.

Tadeusz bai ɓoye komai ba da aka same shi a garejinsa. Ya ce ba ya son Mawuli, bai taɓa so ba. Amma duk watan Afrilu yana kwance an yi masa aikin gwiwa, ga takardar asibiti.

"Da ni ne, Sufeto, yaga katin zan yi in watsa masa a fuska," in ji shi. "Kuma in an kore shi, wa zai riƙa goya ta? Ni, da wannan gwiwar?"

Maganar yaga katin ta tsaya wa Sufeto a rai. Maƙiyi cirewa zai yi ya yar. Wanda ya juya shi ya san abin da ke baya, kuma yana so wasiƙun Halina su ci gaba da zuwa.

Washegari ta koma gidan don ta ga makulli na biyu. Kafin ta kai hawa na biyu numfashinta ya ƙare. Sai ga wata kujerar kicin ta katako a lungun matakala, ta zube a kai tana tsine wa wanda ya gina gidan. Ƙofar da ke kusa ta buɗe, wani tsoho ɗan Italiya, Salvatore Licata, ya leƙo da kofin ruwa, ya ce da ma ya san kujerar za ta sami wata mai ita.

Ta tambaye shi wa ya ajiye wa. Ya ce Madam Halina mana. Tun cikin sanyi ya tarar da ita zaune a kan siminti a nan, tana saukowa da gindi, mataki ɗaya bayan ɗaya, makulli a bakinta. Sauka da hawa sun ci mata kusan awa biyu. Ta roƙe shi kada ya gaya wa mijinta, wai atisaye take yi don ta ba shi mamaki. Sau uku ya gan ta.

"Soyayya ke nan, 'yata," in ji tsohon, yana murmushi. Sufeto ta miƙa masa kofinsa.

Ta sami Halina a kujerar taga, bargo a cinya, Mawuli na yanka mata burodi ƙanana. Sufeto ta ajiye katin a tebur, gefen da ya koɗe a sama. Ta ce ta huta a kujerar Licata.

Halina ba ta yi musu ba. Ta daɗe tana kallon katin, sannan ta ce tun ranar da Mawuli ya cika takardun yake cewa da zarar takardar zaman ta fito zai tafi gida wata uku. Ita kuma ta tambaya, wata uku ba mai kula da ita, gidan gajiyayyu za a kai ta. Wanda aka kai can ba ta taɓa ganin ya dawo ɗakinsa ba.

"Kuma in ka samu takardar, Mawu, me zai sa ka ci gaba da goya ni?"

"Shekara biyu ina goya ki."

"Da takarda a gabanka."

Mawuli ya ajiye wuƙar a hankali. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne, duk safiyar da ya kira gida tana gefensa, har karɓar wayar take ta gaishe da tsohuwar da kalmomi uku na yarensu na Ewe da ya koya mata.

A bakin ƙofa Sufeto ta yi masa bayani ba tare da ta sassauta ba. In ta rubuta sunan Halina, ofis zai san ba laifinsa ba ne, amma zai karanta cewa matar da kanta ta cire sunansa daga gidanta, alhali a kan auren nan takardar ta tsaya. In ta rubuta ba a gano kowa ba, fayil na nan a rufe, sai ya fara daga farko, zargin kuma na kansa. Shekara guda aƙalla. Ta ce ta so a ce tana da hanya ta uku, ba ta da ita.

Ya rako ta har ƙasa, ya mayar da katin daidai, ya kulle akwatin.

"Rubuta ba a gano kowa ba," ya ce.

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu, lambar gida ce, daga Kpalimé. Ya dube ta har ta katse. Lokacin maganin Halina ya yi, sai ya kama hawa. A hawa na biyu ya tsaya, ya zauna a kujerar, wayar a hannunsa. Ta sake yin ƙara. Daga can sama ya ji muryar Halina tana kiran sunansa.