Angon Da Ba Shi Da Zaure

Ku yi mini afuwa, ni ba marubuciya ba ce, karance-karance kawai na iya. Yau na fara. In kun ga kuskure ku rufa mini asiri.

A Gwaram aka yi abin, tun zamanin da littafi sai an kwafe shi da hannu. Turai, 'yar Malam Sulaimanu, ita ke dafa wa ɗaliban mahaifinta tawada. Wata rana da hantsi ta fito da ita, sai ta yi kiciɓis da wani baƙo a ƙofar zaure, ya rungume gafaka kamar za a ƙwace masa.

"Malam, matsa, kada rigarka ta sha."

"Kai, baƙinta ya yi. Wa ya dafa?"

"Mai ita."

Tun daga ranar yake ce mata Mai tawada.

Iliyasu ne sunansa, daga Birnin Kudu. Su bakwai ne ɗalibai a can da suka ƙulla zumunci, ci tare, noma tare, kwafi tare. Sun raba wani babban littafin fiƙihu, kowa na kwafe kasonsa, sai ya gano babbansu Sada ya tsallake layuka a babin gado. Ya faɗa a gaban jama'a, aka ce ƙarami ba ya gyara wa babba. Zuciya ta ɗebe shi, ya kwashi takardu arba'in ɗin da ya rubuta ya fito ba sallama.

Ɗaliban Gwaram su ma da nasu zumuncin, kuma shugabansu Ɗan'azumi ya daɗe da sa ido a kan Turai. Wata uku Iliyasu yana jin karatu daga wajen takalma, ba wanda ya taɓa ce masa bismilla in an kawo akushi. Turai tana gani ta kafar zana, tana cizon leɓe.

Goggonta Kulu ce ke kai musu wasiƙa cikin ajami. Ya rubuto:

"Mai tawada, rana ta dake ni yau, amma na jiyo muryarki kina korar kaji, sai na ji sanyi."

Ta mayar masa: "Ɗan Kudu, daina yi mini daɗin baki, ka turo a ga Baba."

Ya turo. Malam bai ko ɗago daga littafi ba.

"Wanda ya bar 'yan'uwansa ba sallama, haka zai bar mini 'ya. Zaure ya karɓe shi tukuna."

Ɗan'azumi kuwa ya ja Iliyasu gefe ya gindaya masa sharaɗi. Littafin nan babu shi a Gwaram. Ya ba su takardun arba'in su zama nasu, a shimfiɗa masa buzu a ciki.

"To ka ba su mana," in ji Turai, ran da suka haɗu a tsakar gidan Goggo. "Ba hannunka ne ya rubuta ba?"

"Hannuna ne. Takardar ta mu bakwai ce. Littafinsu yana can da rami a tsakiya, hasken idona."

"Kada ka ce mini wani hasken idona. Mutanen da suka wulaƙanta ka? Su kake tausayi, ni fa?"

Washegari aka wayi gari ba shi a Gwaram.

Ɗan'azumi har da tsayawa a bakin zana yana ɗaga murya: "Ai dama gudu sana'arsa ce."

Kwana shida Turai ba ta dafa tawada ba. Ɗalibai suka aiko tambaya, ta ce su matse bakin shugabansu, ya fi tawada baƙi. Ta rubuta wasiƙa uku, duk zagi, ta wanke su a ƙwarya saboda ba inda za ta aika.

A kwana na bakwai Goggo ta miƙo mata 'yar takarda.

"Mai tawada, na mayar musu da kayansu. Sada ya karɓa ya ƙirga, ya ce babu sallama tsakaninmu har abada. Yanzu ba ni da can, ba ni da nan. Na zo ne in yi miki sallama, kada ki ce ke ma na bar ki haka."

Turai ba ta tsaya neman mayafi ba, ta faɗa turakar mahaifinta ta durƙusa.

"Baba, a zaurenka ake sayar da wurin zama da kayan mutane?"

"Me kika ce?"

Ta zayyane masa komai, har da cewa ita ma ta ce ya bayar. Ta ajiye takardar a kan buzunsa.

"Ka ce mai tafiya ba sallama ne. Ga shi ya taka har Birnin Kudu nemanta. Wanda kake ji da shi kuwa yana nan zaune, yana jiran kayan wasu."

Malam ya karanta sau biyu, ya sa aka kira Iliyasu da ɗaliban duka.

"Ɗan'azumi, haka aka yi?"

"Allah gafarta Malam, don amfanin zaure ne."

"Za ku karɓe shi?"

Ɗan'azumi ya dubi sauran, duk suka sunkuyar da kai. "Ba shi da sallama daga zaurensu, Malam. Ƙa'idarmu ce."

"Ƙa'idarku ce, ba zan karya muku ba. Zumuncin naku ne." Ya juya ga Iliyasu. "'Ya kuwa tawa ce. Na ba ka. Karatu ka riƙa shigowa turaka bayan la'asar, surukai ba sa zama wajen takalma."

Bayan girbi aka ɗaura aure. Daga zaurukan biyu ba ɗalibi ko ɗaya da ya zo, manoman unguwa ne suka cika ƙofar gida. Malam ya daɗe yana sa albarka, Goggo Kulu na ta guɗa.

Da aka kai amarya, Iliyasu ya leƙa ƙarƙashin lulluɓi.

"Har yanzu fushin ne, Mai tawada?"

"Da saura. Kwana shida ka yi mini, Ɗan Kudu, sai na rama."

Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba. Ni dai nan labarina ya tsaya, tunda hankalin kowa ya koma kan rabon goro, bari in ɗauki takalmana a hannu in bi ta ƙofar baya.