Akwai Sauka

Ranar Laraba, ƙarfe shida da kwata na yamma, na shiga motar haya daga Gitata zuwa Keffi. Ni ma'aikaciyar jinya ce, aikina ɗibar jinin yara, aikin da ba ya son hannu mai rawa. Saboda ciwon baya na kama kujerar gaba duka, wurin mutum biyu.

Muna wuce gonakin doya, kujerar ta lotsa a gefena. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika motar, alhali rabonmu da ruwan sama sati uku.

"Wa kika kama wa wurin nan?" Murya ce ƙasa-ƙasa. Na ɗauka wata ce daga baya.

Na ce cikin wasa, "Duk wanda ya samu."

Direban, Ubale, ya dube ni. "Hajiya, da wa kike magana?"

Na waiwaya. Duk fasinjojin baya barci suke yi.

Da na sauka a Keffi, ƙasa ba ta tsaya ba. Tana kai ni gaba, tana dawo da ni, kamar har yanzu muna kan hanya. Na ce gajiya ce. Kwana tara haka. A rana ta goma allurata ta kuskure jijiyar wata jaririya sau uku, aka ce in je gida in huta. In ban warke cikin wata guda ba, za a ɗauke ni daga ɗakin yara.

Likita Keziya ta duba kunne, ta duba ƙwaƙwalwa, lafiya lau. Ta ce akwai irin wannan ciwon, ba a cika ganinsa ba: jiki ya sauka, ƙwaƙwalwa ba ta yarda tafiya ta ƙare ba. "In kin shiga mota yana lafawa, ko?"

Yana lafawa. Ban gaya mata kujera na lotsawa ba.

Na nemo Ubale a tasha. Ya saurare ni yana murza makulli.

"Hajiya, ke kika ba shi wuri. Kuma a Keffi kanki kaɗai kika ce wa akwai sauka. Fasinja ba ya fita sai an faɗa masa."

Da magariba muka koma, mu biyu. Ya rage gudu daidai gonakin.

Ƙamshin ya dawo.

Kujerar ta lotsa. Wani sanyi ya jingina da kafaɗata.

Na ce, "Akwai sauka."

"Wa?" in ji muryar, daf da kunnena. "Ke ko ni?"

Ƙofa ta buɗe da kanta. Kwalta na gudu a ƙarƙashina. Wani nauyi yana tura ni waje a hankali, irin yadda ake matsa wa mutum ya gyara zama.

Ubale ya taka birki, yana salati.

Ban yi tunani ba. Na ce, "Ni." Na faɗa kan ciyawar bakin hanya.

Ƙasa ta tsaya cik.

Na ɗaga kai. Ƙofar ta rufe a hankali, motar ta ɗan karkata ta gefen fasinja. Ubale ya kalle ni ta gilashi, sannan ya ja motar ya tafi. Ni ɗan acaɓa ne ya kawo ni gida.

Ranar Litinin na koma ɗakin yara. Ubale ya sayar da motar cikin satin. Wata bakwai ke nan yana sallah a zaune, ƙasa ba ta tsaya masa.