Wayar da Aka Bari Cikin Toka

Da safe Austin mai faci ya buɗe rumfarsa a Gyaɗi-Gyaɗi, ya tarar tulin tsofaffin tayoyinsa ya yi ɓatan dabo. Sufeto Maje ya iso yana share baki, don daga kan farfesun ganda aka taso shi, abincin da ko zazzaɓi bai taɓa raba su ba.

Mubarak mai adaidaita aka fara tsarewa, don jiya sun yi cacar baki da Austin. Maje ya sallame shi. Tayoyin tirela ne, kuma sun mutu murus, ba abin da za su yi wa ɗan adaidaita.

Matacciyar taya sai wuta, don haka ya bi baƙin hayaƙin da ke lulluɓe unguwar Daurawa kowace safiya, har wani kango. Yana ganin wurin ya gane shi. Tagar Adaobi mai ɗinki ce ke kallon kangon. Tun farkon damina matar nan ta zo ofishinsa riƙe da 'yarta Uju mai asma, tana cewa hayaƙi zai kashe yarinyar. Ya ce mata hazo ne, ta yi haƙuri. Hazo da damina, jama'a. Ko takalminsa bai saka ba a ranar, balle ya je ya duba.

A cikin tokar da ke kangon ya tarar da zobban wayar taya jibge. Maƙwabta suka ɗora wa Audu ɗan jari-bola laifin.

"Ranka ya daɗe," in ji Audu, "in ƙona taya in bar wayar? To don me na ƙona?"

Gaskiyarsa. Wanda ya yi wannan aiki wutar yake so, ba ƙarfen ba. Maje ya tona tokar da sanda, ya ga gashin saniya da guntun kofato. Itace ya jiƙe da ruwan sama, taya kuwa ba ruwanta da damina. Mutum ɗaya ke babbakar fata a unguwar: Inuwa, wanda ke kai wa mai farfesun Maje ganda.

Inuwa bai yi gardama ba. Ya ce da sayen tayoyin yake yi, da suka yi wuya ya fara ɗauka. Sai ya ƙara da cewa ai Yallaɓai da kansa ya aiko a gaya masa gandar bana ta fi laushi. Kunya ta rufe Maje.

Da la'asar ya je asibiti. Uju na kwance, roba a hanci, ƙirjinta na sama da ƙasa. Ya gaishe da Adaobi, ya ce an kama mai ƙonawar, hayaƙin ya ƙare. Ta tambayi yadda aka yi ya je kangon. Ya gaya mata, kansa a ƙasa.

Ta gyara wa Uju mayafi, ba ta dube shi ba.

"Allah ya saka, Yallaɓai. Ashe taya ya kamata in ce an sace mini."